Muryar Baba Ta Dawo

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Umma, ya yara? Ni lafiya, tarin ma ya yi sauƙi.

Ɓangaren faifan ajiya na kwamfutata mai ɗauke da hirata ta ƙarshe da marigayi Baba ya ƙi buɗewa, wasu wurare sun lalace. Mai gyara ya ce, “Ɗan jarida, daina kunna shi, rauni kake ƙara masa.” Ya fara kwafe inda ke da lafiya, sannan ya lallaɓa sauran.

Jiya na saurara. Yaya, Baba ne, yana dariya, yana cewa in matso! Rabin hirar ya tafi, muryar kuwa garau. Ikon Allah.

Zan turo. Ki zauna kusa da Umma in za ta ji.

Ƙaninki