Idon Baba da Allurar Agogon Awo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma muna nan lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Kin san aikinsa a masana'antarmu: duk sandar injin da muka fere, shi ke sa ta ƙarƙashin agogon awo, allura ta nuna ko ta yi kauri ko ta rame, ko da bambancin bai kai silin gashi ba. Shekara talatin ba a taɓa dawo da abin da ya ce ya yi ba. Makon jiya aka dawo mana da sanduna sittin, sun ƙi shiga boris, wato zoben ƙarfen da suke juyawa a ciki. Baba ya ce agogon ne ya gaji. Manaja ya aika aka gwada agogon, aka ce lafiyarsa ƙalau.

Shekaranjiya na tsaya bayan Baba kamar ina neman sifana. Da idona na ga allura ta wuce jan layi da zane huɗu, ya sunkuya har hancinsa na taɓa gilashin, sannan ya ajiye sandar cikin masu kyau. Tun ranar, in an fita cin abinci sai in zauna in sake auna aikinsa a ɓoye, kunnena na bakin ƙofa. Da na ɗan taɓo masa zancen tabarau, cewa ya yi tun ban iya ɗaura wando ba yake karanta allurar nan.

Yanzu manaja ya ce ranar Litinin zai tsaya a kan Baba ya ga yadda yake awo, gaban kowa. Ba na so a kunyata shi gaban waɗanda ya koya wa aiki. Ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki kira shi kafin Asabar, ki lallaɓa shi mu je wurin likitan ido, amma kada ki ce ni na faɗa miki.

Ki gaishe da maigidanki da Gwaggo da 'yan biyu. Inna na gaishe ki, ba ta san komai ba tukuna.

Ni ne ƙaninki,
Auta