Makullin Ruwan da Kwalta ta Binne

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan da sauƙi. Uwar yaran ta warware daga ciwon bayan nan, Auta kuma ta fara koyon ɗinki, ta riga ta lalata mini riguna biyu da sunan gyara. Baba yana cin abinci, yana zama a ƙofar gida, ƙafarsa ma ta yi dama. Amma kan nasa ne, Yaya, kuma dalilin rubuto miki ke nan.

Yau sati biyar ke nan babu ruwa a unguwarmu da unguwanni biyu na bayanmu. Bututun da ya bi ta layin asibiti ne ya fashe. Aikin yini ɗaya ne, ni da hannuna na gyara irinsa ba adadi. Sai dai ba a taɓa bututu sai an rufe bawul ɗinsa, wato makullin nan na ƙarƙashin ƙasa da ake murɗawa ruwa ya tsaya. To shi ne muka nema muka rasa. Dole aka rufe ruwan tun daga babban tanki, domin da an buɗe sai ya malale cikin gidajen mutane. Taswirar ofis gara ta cinye ta, na'urar neman ƙarfe kuma ta mutu tun kafin a ɗauki rabin ma'aikatanmu aiki.

Kin san yadda Baba yake aikinsa a hukumar ruwa. Shekara talatin da huɗu bai taɓa duba takarda ba. Ya jingina bayansa da bishiya ko kusurwar katanga, ya ƙirga taku, ya ce a tona nan, sai ka ji diga ta daki murfin ƙarfe. Ni kuma shekara goma sha ɗaya ina bin bayansa kafin ya yi ritaya, ban taɓa rubuta ko ɗaya ba. Gani nake kullum yana nan. Wannan sakacin nawa ne, kuma yana cina a rai.

Bara 'yan sashen hanya suka faɗaɗa titin da bawul ɗin yake. Suka sare tsamiyar nan ta bakin kwana da Baba yake fara ƙirga taku daga gindinta, suka shimfiɗa kwalta a kan komai. Abin haushin, fili ɗaya muke ajiye motoci da su, benci ɗaya muke zama da safe, amma babu wanda ya buɗe baki ya ce ku zo ku nuna mana murafenku. Da na yi wa Dogo mai tuƙa gireda, motar share hanya, magana, cewa ya yi shi hanya aka ce ya yi, ba a ce ya yi ruwa ba. Rami tara muka tona a sabon titin, ba mu samu komai ba sai zagin masu motoci. Yanzu injiniya ya ce in wata ya ƙare ba a gano shi ba, za a toshe reshen gaba ɗaya a manta da shi, a riƙa kawo mana ruwa a tanka. Tankar kuwa tana nan a filin aiki a kan duwatsu babu taya, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Ranar Talata na ɗauki Baba na kai shi wurin. Uwar yaran ta hana ni, na ƙi ji. Da ya ji za a je aiki, sai ya nemi tsohuwar hularsa, ya miƙe tsaye yadda ban gan shi ba shekaru. Mutanen unguwa suka taru da jarkokinsu, wasu har suna cewa ai an gama tunda tsohon ya zo. Ya sauka daga mota, ya duba gabas, ya duba yamma, ya tambaya ina tsamiya. Na nuna masa inda nake zaton take. Ya tsaya a wurin, ya yi taku shida, ya tsaya cak a tsakiyar titi. Muka jira. Sai ya juyo ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko ni ne sabon ma'aikacin da aka turo. Yaya, a gaban jama'a na yi kuka, ban ma damu da wanda ya gani ba.

A hanyar komawa gida ya ɗan dawo hayyacinsa, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarami. Ya ce kada in damu, lissafin bai ɓata ba, ya taɓa faɗa wa Inna yawan takun saboda irin wannan rana, in je ɗaki in tambaye ta. Ban iya tuna masa cewa shekara shida ke nan da muka binne ta ba. Na ce masa to, zan tambaye ta. Tun ranar kullum da safe sai ya tambaye ni me ta ce.

Ruwan na cire rai da shi, gaskiya nake gaya miki. Saura kwana tara wata ya ƙare, kuma ban san inda zan sa diga ta goma ba. Abin da nake roƙo shi ne ki nemi izinin maigidan ki zo, ko na kwana uku ne. Jiya ya ambace ki sau biyu. Ban san iya lokacin da zai ci gaba da tunawa da ke ba.

Ki gaishe mini da maigidan, da Goggo in kin leƙa ta, da 'yan biyu, da ƙaramar mai sunan Inna. Uwar yaran da Auta da Kawu suna gaishe ki ƙwarai. Ki sa Baba a addu'a, ni ma kada ki manta da ni.

Ni ne ƙaninki,
wanda yake sauraron zuwanki.