Safarka a Ramin Iska

Baban Refiloe,

Mun tafi asibiti. 'Yarka ta tashi da amai, ni kaina kamar zai tsage, wutar hitar gas ɗin da ke ɗumama mana ɗaki kuwa ta koma rawaya. Da na ɗaga kai, sai ga tsohuwar safarka cushe a ramin iskar da Mokoena mai haɗa gas ya huda jiya! Da bakinsa ya ce maka wuta ma numfashi take yi, ka ce ba shi zai koya maka sanyin Maseru ba. Sannu, gwani!

Na rufe tukunyar gas. Tagogi a buɗe suke, kar ka taɓa su. Hannuna bai kai ramin ba, ka zare safar nan kafin mu dawo. In sanyi ya dame ka, ka sa ta a ƙafa, can ne wurinta.

Limpho