Bindigar Kaka a Hannun Sani

Laraba da dare, Cheras, inda nake karatu a ƙasar waje

Ko shinkafar da na yo tapau, wato na sayo a ƙunshe, na kasa ci. Ƙanena Sani ya kira ni daga gida, ya ce ya ciro tsohuwar bindigar Kaka, wai da asuba zai kori birai daga gona. Babu albarushi, shi ne ya farke harsashin zamani ya juye garin, zai ɗura da ƙwallayen boris.

Na ce, "Kai mahaukaci ne? Baƙin albarushi da dalma kaɗai ƙarfen nan ya sani. A fuskarka zai fashe."

Ya ce, "Yaya, a littafi ka taɓa harbi." Ya kashe waya.

Na kira Inna, ta ce in ji da karatuna. Asubarsu tsakar ranarmu ce. Sa'ad da zai ja kunamar, ni ina aji, wayata a aljihu.