Koren Teku da Ankon Inna

Litinin, 5 ga Mayu 2025
Malam Abdoulkarim, mai duba aikina, ya sa ranar sutanas, wato ranar da zan kare binciken digirina gaban masu jarrabawa: ƙarshen wata. Ya ce zanena ya fito sarai. Hotunan tauraron ɗan Adam na shekara ashirin sun nuna koren ruwan tekun Senegal, wato ƙananan tsirran da kifi ke ci, yana raguwa. Ni Salima da ban taɓa ganin teku ba, wai ni ce na gano!

Alhamis, 8 ga Mayu
Inna ta fitar da ankon bikin sutanas. Har dangin Doutchi sun saya. Yayata Kadi na yawo unguwar Bobiel tana cewa, "Ƙanwata ta gano teku na mutuwa." Ban hana ta ba. Daɗi nake ji.

Asabar, 10 ga Mayu
Innalillahi. Na sake duba zanen. Ashe koren ba a hankali ya ragu ba, faɗuwa ya yi lokaci guda, daidai shekarar da tsohon tauraro ya daina aiki, na koma ga hotunan sabo. Idon na'urorin biyu ba ɗaya ba ne, ni kuwa na haɗa su ban daidaita ba. Abin da ake koya wa ƴan shekarar farko! Kunya kamar in nutse.

Lahadi, 11 ga Mayu
Ban iya cin komai ba. Tela ya kawo ɗinkin Inna.

Talata, 13 ga Mayu
Malam bai lura ba. In na yi shiru, wataƙila masu jarrabawa ma su wuce. Na faɗa wa Kadi. Ta ce, "Ke dai ki karɓi takardarki. Wa zai je ya auna teku? So kike a yi wa Inna dariya?"

Laraba, 14 ga Mayu
Na je ofishin Malam har ƙofa, na dawo. Matsoraciya kawai.

Juma'a, 16 ga Mayu
Na faɗa masa. Ya cire tabarau, ya ce, "Ni ma ya kamata in gani." An ɗage sutanas sai bayan damina. Kadi ba ta yi mini magana.

Juma'a, 23 ga Mayu
Na daidaita taurarin biyu. Layin ya kusa miƙewa, babu abin burge kowa. Inna tana tsince shinkafa ta ce, "To tekun naki lafiyarsa lau ke nan?"
Na ce, "Ban sani ba tukuna, Inna."
Sai daga baya na lura ido cikin ido na faɗa mata, ban ji kunyar rashin sanin ba.