Na Goge Dalar Baba

Daren Talata, 12 ga Rajab

Yau na ɓata dalar Baba da hannuna.

Tun da hantsi na fito da gwangwanin tsofaffin kuɗin da ya bari, don in tsabtace su kafin in adana. Na bi ƙa'idar da na rubuta wa kaina: kofin gilashi, sinadarin asiton, taga a buɗe, nesa da murhu. A jiƙa, a ɗauraye da tataccen ruwan nan da ake zuba wa batir, a shanya a kan farin ƙyalle. Ban da gogewa. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin wannan.

Anini da sisi da kwabo mai huji duk sun fita lafiya. Dalar azurfar ce kawai baƙinta ya ƙi fita. Sai na ga kamar ni ne ban iya ba. Na ɗebo toka, na matsa lemun tsami yadda Inna ke wanke tasa, na dirje ta. Ta yi fari fat, amma duk ta kakkarce. Baƙin nan ba datti ba ne, shekaru ne, kuma na san haka tun kafin in fara.

Bayan la'asar na kai wa Inna. Ta juya ta, ta sake juyawa.

"Mi kay yi mata, Bello?"

"Wanke ta niy yi, Inna."

Ta miƙo mini. "Wagga ba ta Malam ba ta. Tashi baƙa ta. Tafi ka ɗauko min tashi."

Na ce to. Gobe za ta sake tambaya, kuma ban san abin da zan kai mata ba.