Zakunan Bahago Pang

Richmond, 9 ga Oktoba

Babbar Yaya Guizhi,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya gwiwar taki da shigowar sanyi? Ki gaishe mini da mijinki, Tsoho Han. Busasshiyar magaryar da kika aiko ta iso.

Kin san ba na rubutu sai da dalili. Waya kuwa ba kya ji, sai mu yi ta ihu kamar masu faɗa.

Maigidana Kwok ya aike ni gidan wata tsohuwar likita, Dakta Marchand, in duba wasu zakunan farin dutse guda biyu da ya sayar mata bara. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina bayan shagonsa, ina liƙa kawunan gumaka, shi yana gaba da kwat yana rera wa masu saye sunayen dauloli. Na tarar da zakunan a falo, gefen murhu, kamar kyanwoyi masu jin sanyi. Mai ƙawata gidan ta sa zakanya a wurin zaki, wai haske ya fi faɗo mata a can. Abin da aka yi don tsaron ƙofa, ga shi yana tsaron kujera.

Masanan nan da tabarau suke duba dutse. Mu kuwa hannu muke sawa a baki, inda ba a gogewa, mu ji sawun ƙarfe. Na zura yatsuna a bakin zakanyar, na ji sawun ya karkata ta inda bai kamata ba. Na shafa ƙarƙashin cikinta, haka. Bahago ne ya sassaƙa su, bahagon da ke ɗaga ƙarfensa bayan kowane bugu uku. Yaya, hannun Baba ne, ya sha marina, ba zan kasa gane shi ba. Su ne waɗanda aka tono a bayan garken aladunmu a shekarar da aka raba gonaki.

Likitar za ta ba gidan tarihi su kyauta idan bazara ta zo. Ana son takarda daga mai gyara cewa ya duba, na Daular Ming ne, shekara ɗari huɗu. Kwok ya ajiye mini takardar da biro. In na sa hannu, na zama abin da na zagi Baba a kansa. In na ƙi, na bar shagon, kuma ba mai ɗaukar ɗan shekara hamsin da takwas mai ƙurar dutse a huhu.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Aikin ya kai aiki. Ɗan zakin da ke ƙarƙashin dagin uwarsa sai ka ce yanzu zai kuɓuce. Ban taɓa yin kamarsa ba, ba kuma zan yi ba. Amma wanda ya binne sabon dutse a kashin alade don ya tsufa ya san abin da yake yi. Maganar da na faɗa masa a teburin Sabuwar Shekara ban janye ba.

Ki kula da kanki.

Ƙanenki,
Deshun

Quyang, 2 ga Nuwamba

Na Uku,

Mun gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Han yana gaishe ka, ya ce ko can ma har yanzu fuskarka a murtuke take.

Da na karanta takardarka na yi dariya har Han ya zo yana buga mini baya, ya ɗauka kunun gero ne ya shaƙe ni. Aikin Bahago Pang a gidan tarihin turawa! Kafin rana ta yi tsaka duk tsofaffin bakin kasuwa sun ji.

To amma zauna, mai karatun gidanmu, in ba ka abin da ba su koya maka a makarantar zane ba. Baba ya hana ni faɗa muddin Baffa, ƙanensa, yana raye. Bara muka binne shi, bakina ya buɗe.

Shekarar da aka ce a farfasa duk wani tsohon abu, kana ɗan shekara huɗu a ƙauyen Kaka. Akwai zakuna biyu a ƙofar haikalin garinmu, su ne na Ming na gaskiya. Matasan gwamnati masu jan ƙyalle a damtse suka ce gudumar masassaƙi ta fi ta kowa, suka miƙa wa Baba tasa. A gaban jama'a ya farfasa su da hannunsa. Ya dawo gida ya juya fuskarsa bango, kwana uku bai taɓa abinci ba.

Da aka tura shi kan dutse ya yanko tubalan madatsar ruwa, sai ya ware manyan duwatsu biyu a wani lungu. Lokacin da sauran ke barcin rana, shi yana can. Shekara uku, ba hoto ba zane, daga kansa kawai. Inna ce ke kai masa abinci, ta zauna a bakin hanya tana ɗinkin takalmi, in wani ya taho ta yi tari. A ƙarƙashin karan masara aka sauko da su. Bayan garke kuwa aka binne su don babu jami'in da ke son leƙa can. Ɓoye su aka yi, ƙaton kai, ba tsufar da su ba.

Da ƙasa ta lafa ya tono su don ya mayar wa haikali. Baffa shi ne sakataren gari a lokacin. Ranar da Baba ya tafi kasuwa, ya loda su a motar wani ɗan kasuwa daga Tianjin. Baba ya bar mutane suna cewa da yardarsa ne, don kada a nuna ƙanensa da yatsa. Sai ga ka da Sabuwar Shekara, da sabon tabarau, ka ɗaga kofi gaban baƙi ka ce, "Mu sha don babban maƙaryacin gidan nan." Da muna kwashe kwanuka ya ce mini, "Yaron nan yana da ido. Tambaya ce bai iya ba."

Ba zan wanke shi tas ba. Daga baya ya yi kawunan gumakan da ake jiƙawa da shayi da toka don su yi kama da tsofaffi, kamar kowa a lokacin. Amma ba waɗannan biyun ba.

Shawarata, ka sa hannu. Su zauna a bayan gilashi da fitila a kansu, masu digiri suna duƙa musu. Kai kuma ka riƙe aikinka. Ba ka da mata, ba ka da ɗa, wa zai dafa maka in ka kwanta?

Ka riƙa sa rigar sanyi.

Yayarka da ta goya ka,
Guizhi

Richmond, 6 ga Disamba

Babbar Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkiri. Takardarki ta yi mako biyu a aljihuna. Na so in ji haushinki, na so in ji na Baffa, kowa na gwada sai abin ya dawo kaina. Na Baba ma na ji. Kalma ɗaya da ya faɗa da ta ishe ni. Shi ma taurin kai ne, kada ki ce ba haka ba.

Ban sa hannu ba. Na je wurin likitar, na roƙe ta ta cire zobenta, na kama hannunta na sa a bakin zakanyar. Na sa ta shafa wani zakin da mai hannun dama ya sassaƙa, wanda na ɗauko daga shago, ta ji bambanci. Mace ce da ta yi shekara arba'in tana laluben ƙashin mutane, ba ta buƙaci dogon bayani ba. Ta tambaye ni yadda na san wannan bahagon.

Na ce mata, "Mahaifina ne."

Yaya, rabona da in faɗi kalmar nan da ƙarfi har na manta. Na ba ta labarin duka, har da garken, har da kofin da na ɗaga.

Kada ki ɗauka ta rungume ni. Fuskarta ta yi ja, ta kira Kwok a gabana, ta faɗa masa maganganun da ban san likitoci sun iya ba. Washegari ya tare ni a ƙofar shago ya ce in ba shi makullai, wai ya riƙe ni kamar ɗan'uwa na zubar masa da mutunci a gari. Na miƙa masa. Ban kuma ce ya san gaskiyar zakunan ba, don a Hong Kong ya saye su da takardu, kuma bai taɓa sa hannu a bakin dutse ba tun da yake. Gidan tarihi sun ce abin da bai kai shekara ɗari ba ba nasu ba ne. Ki gaya wa tsofaffin kasuwa su rage murya.

Bayan kwana goma sai ga kiranta. Ta ce ta fasa mayar wa Kwok da su, tana son ta san inda wanda ya sassaƙa su zai so a ajiye su. Muka fitar da su waje, zaki a dama in kina fuskantar ƙofa, zakanya a hagu. Ruwa yana sauka a kansu ina tsaye, farin yana fitowa. Ki daina cewa Baba ya yaudari turawa. Mutumin da ya ɗauki zakuna biyu a cikin kansa shekara da shekaru ya sauke su cikin dutse daidai, ba ya buƙatar aron sunan Ming.

Yanzu ga matsalata. Tana son a kafa ɗan allon tagulla da sunansa. A takarduna sunansa na yarinta ne, Ergou, Kare Na Biyu, wanda Kaka ta sa masa don kada aljanu su yi sha'awarsa. Ba zan rubuta Kare a ƙarƙashin zaki ba. Na san ubangidansa a sana'a ya raɗa masa suna na manya, amma kowa Bahago yake ce masa, mu kuma Baba. Ki aiko mini da shi, haruffa biyun nan daidai.

Game da abinci, kada ki damu. Ina gyaran matakalar dutse a wasu gidaje.

Ƙanenki,
Deshun

Quyang, 28 ga Disamba

Na Uku,

Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta fara.

Ka ƙi shawarata, ka kyauta. Na karanta wa Han wurin da ka ce mahaifinka ne, ya tashi ya fita wai zai duba kaji.

Sunan yana jikin dutsen kabarinsa. Shi ya sassaƙa da kansa kafin hannun ya fara rawa. Ina iya kwafo maka, amma ba zan yi ba. Sharar kaburbura farkon Afrilu ce. Ka ce wa likitar ta jira, ka zo ka karanta da yatsunka.

Han zai tarbe ka a tashar jirgin ƙasa. Ka ce masa wace rana.

Yayarka,
Guizhi